Igiyar Ɗakin Goggo

A ɗakin Goggo akwai wata igiya da ba a shanya a kanta, ba a kuma ɗaure komai da ita. Igiyar kaba ce mai kauri, ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Kanta ɗaya yana ɗaure a can ƙololuwar ɗakin, inda itatuwan tsaiko suka haɗu, sauran kuwa an naɗe an soke a bayan tanka. Tun ɗakin yana hannun kakata nake ganinta a wurin.

Goggo yayar mahaifina ce. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidanmu, a ƙauyenmu da ke kudu da Mai Wurno, ta shiga ɗakin uwarta. Ɗakin ciyawa ne zagayayye, irin wanda ake kira guttiya a nan. Da mahaifina ya rasu gidan ya dawo hannuna, ita kuma tana nan inda take. Ɗa ɗaya gare ta, taubashina, direban motar haya tsakanin Mai Wurno da Sinnar. Ya yi ya yi ta koma wurinsa, ta ƙi. Ni ma da na gina ɗakuna biyu na rufa da zinki, na ce ta ɗauki ɗaya. Ta shiga ta duba, ta ƙwanƙwasa bango, ta ce ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Ta koma ɗakinta.

Abin da ke rataye a cikin ɗakin shi ya zaunar da ita. Muna da wata dawa a gidanmu, kaura mai manyan ƙwayoyi, wadda ba a samunta a kasuwa. Manya sun ce kakanninmu ne suka taho da ita daga Sakkwato, a ƙulle a bakin zane, lokacin da suka yi hijira zuwa gabas. Wannan ji na yi, ban gani ba. Abin da na gani da idona shi ne, duk kaka, kafin a fara yanka, Goggo kan shiga gona ita kaɗai da 'yar wuƙarta. Ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɗaure su biyar-biyar, ta sa a rataye mata su a jikin tanka, zagaye da ɗakin, tun daga sama har kusa da bango. Kullum da yamma takan hura 'yar wuta a tsakar ɗaki, hayaƙi ya ratsa su, ƙwari ba sa kusantarsu. Haka suke zama har damina ta sauka.

A da gidaje da yawa suna da irin nan. A hankali kowa ya koma fatarita, dawar nan mai saurin nuna, har ya zama mu kaɗai muka rage. Mu ma 'yar gona ɗaya muke ba ta a kusa da kogi, abin da muka sussuka don ci kuwa ba ya kai mu tsakiyar bazara. Idan na ɗakin Goggo ya salwanta, babu ƙofar da za a je a ƙwanƙwasa a roƙo.

Na san amfanin igiyar. Rufin guttiya ba a kafa shi da ƙusa. A ƙasa ake haɗa shi, maza su taru su ɗaga su kifa shi a kan bango kamar yadda ake kifa faifai a kan ƙwarya. Nauyinsa ne kawai ke riƙe shi. Idan iska mai ƙarfi ta sami hanya ta ƙarƙashin bakinsa, ɗungum take ɗaga shi. Don haka mutanen da suke barin igiya a tsakiya, a riƙe rufin daga ciki. Amma shekaru sun shuɗe ba mu ga habub, babbar iskar ƙurar nan, mai ƙarfi ba, sai dai ƙura ta taso ta cika mana tukwane ta wuce. Igiyar ta zama mini kamar tsohon ƙoƙon da aka manta a kan danga.

Wata ranar kasuwa a farkon bazarar wata shekara, igiyar jakina ta tsinke. Ga albasa na ɗora a karo, keken da jakin ke ja, ga rana tana ɗagawa. Goggo ta tafi barkar haihuwa a ƙarshen gari. Na mirgino gangar ruwa, wadda ba komai a cikinta a ranar, na hau na kwance igiyar. Na yanki kamu biyu na gyara ɗaurin karo, sauran na sa a wuyan jaki. Na ce a raina idan na je Sinnar zan sayo ta roba in mayar. Na je Sinnar sau uku bayan haka. Idon Goggo ya fara rauni, saman ɗakin kuma duhu ne, ba ta lura ba. Ni kuwa duk lokacin da na shiga gaishe ta, ba na ɗaga kai.

Ranar da abin ya faru, saura kamar mako biyu a fara shuka. Yaranmu suna Wad Haddad wurin kakanninsu na wajen uwa, daga ni sai matata sai Goggo. Taubashina ya kai motarsa gyara a Mai Wurno, ya ƙaraso ya kawo wa uwarsa sukari da 'ya'yan gahawa. Mutum ne mai jiki, idan ya zauna a kan angarib, gadon nan namu na igiya, sai ka ji itacen ya yi ƙara. Bayan la'asar muna zaune a rumfa, matata ta dafa mana jabana, wato gahawa, ana zafi kamar an rufe garin da murfi.

Na ce, "Taubashi, kujera nawa wannan tumbin yake ci a motarka?"

Ya ce, "Ya zol, kai mutumin nan, ka ƙyale ni. Kai da jakinka har yau ban gane wanda ke jan wani ba."

Goggo tana gefe a kan tabarma tana tsince wake. Can sai na ga ta dakata. Ta ɗaga kai kamar wadda aka kira daga nesa.

Ta ce wa matata, "Ɗiyata, kwashe kofunan ga. Ki kashe wuta, ki zuba mata ruwa, kar ki bar ko garwashi guda."

Sai a lokacin na lura cewa tsuntsayen da ke kan bedi, dogon yaron tsakar gidanmu, sun yi tsit. Na fita bakin danga na duba gabas. Daga ƙasa har sama wani jan bango ne ya tsaya, yana tafowa yana naɗewa a kan kansa. Ƙasansa baƙi, samansa kamar jan ƙarfe inda rana ta buge shi. Itatuwan da ke hayin kogi suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Na sha ganin habub, amma ban taɓa ganin wadda sai na karya wuya kafin in ga ƙarshenta ba. Abin tsoro ne, duk da haka na tsaya ina kallo fiye da yadda ya kamata. A inda nake ko ganye ba ya motsi.

Muryar Goggo ce ta dawo da ni. Tana cikin ɗakinta.

"Ɗana, taho ka sauko min da igiya."

Na shiga na tsaya. Taubashina ya biyo ni, matata ma ta shigo da butar ruwa.

"Mi kaka jira?"

Na ce, "Goggo, igiyar ba ta nan."

"Tana ina?"

"Tana wuyan jaki."

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, ni da furfura a gemu. Na yi sauri na ce bari in hau in yanko zangarniyoyin mu zuba a buhu. Ta ce ɗauri nawa zan yanka kafin iska ta iso, aikin da ya ci mana wuni guda wajen ratayewa? Kuma in rufi ya tafi, ruwan da ke bayan iska a ina zai same su?

Sai ta ce, "Tai ka gaida jakin, ka ce ya ara muna. In mun gama mu maido mai."

Ko murya ba ta ɗaga ba. Na fita da gudu. Iskar farko ta iso, mai sanyi, tana ɗauke da ƙamshin ƙasa. Jakin yana ta fizga. Ina kwance igiyar ya yi waje ta ƙofar danga, ban sake ganinsa ba sai bayan kwana biyu.

Da na dawo Goggo ta karɓi igiyar ta auna ta daga gwiwar hannu zuwa yatsa, sau ɗaya, da sauri kamar mai awon yadi.

"Kamu biyu sun tai," in ji ta.

Ba ta tambaye ni inda suka tafi ba. Ta warware tob ɗin da ke jikinta, dogon mayafin nan da matanmu ke naɗawa, ta taka kansa ɗaya da ƙafa ta murɗe shi har ya yi tauri, ta haɗa shi da igiyar da wani ƙulli da ban san sunansa ba. Ta miƙo mini ɓangaren mayafin ta ce shi zan ɗaura a sama. Ganga a ranar cike take da ruwa, ba ta mirginuwa. Goggo ta dubi ɗanta.

"Duƙa."

Ya ce, "Inna, ni?"

"Akwai wani mai faɗin baya nan in ba kai ba?"

Ya duƙa na hau kafaɗunsa, ya miƙe yana nishi yana cewa wannan rana sai na biya ta. Na ce masa jakina ya gudu, dole in nemi madadi. Muna wannan ne hasken ƙofa ya koma ja, daga ja ya koma duhu, rana tana sama. Na laluba na zagaya mayafin a mahaɗar itatuwan, na ƙulla sau uku. Kunkunniya tana zubo mini a ido, zangarniyoyi suna gogar kunnena.

Matata ta riga ta jawo angarib tsakiyar ɗaki. Taubashina ya kama bakin igiyar zai ɗaure ta tamau a jikin gadon. Goggo ta buge hannunsa.

"Ba haka aka yi ba. In ka ɗaure ta tamau, iska ta kasa ɗaukar rufi, sai ta karya shi. Ta bar maka kan ɗaki a hannu ta tai da saura."

Ta naɗa igiyar sau biyu a jikin itacen gefen gado, ta riƙe bakin a hannunta. Ta ce mu uku mu hau mu zauna, ɗanta a tsakiya. Ita ta zauna a ƙasa ta tokare ƙafafunta da ƙafar gadon. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, idan ta tsuguna ba ta fi turmi tsawo ba.

Sannan iskar ta iso da gaske.

Ban san yadda zan rubuta ƙararta ba. Ba fito ba ne, ba kuma rugugi ba. Kamar dai kogi ne lokacin cikarsa ya bar hanyarsa ya bi ta kan gidaje. Yashi yana shigowa ta ko'ina, yana cika baki. Taubashina ya kunna fitilar wayarsa, a cikin ɗan hasken na ga rufin ya ɗaga daga kan bango ta gabas, har na hangi jan sarari ta tsakaninsu. Igiyar ta miƙe ta yi ƙara. Gadon da mu uku muke kai ya ɗaga ƙafa biyu.

A nan na ga aikin Goggo. Ta rufe ido ta karkatar da kai, kunne kawai ta sa. Idan ta ji bugun yana tafowa, kafin ya iso sai ta saki kamar taƙi ɗaya, igiyar ta zame a jikin itace, rufin ya ɗaga ya yi numfashi, iskar ta wuce ta ƙarƙashinsa. Da zarar ta lafa sai ta ja da dukan jikinta, rufin ya dawo ya zauna a kan bango. Ta saki, ta ja. Ta saki, ta ja. Leɓenta yana motsi da salati, hannunta bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Zangarniyoyi suna ta kaɗawa a kanmu kamar za su tsinke.

Can muka ji wata ƙara daga tsakar gida, kamar an yaga sama. Na san ko mene ne. Ƙusoshin da na buga wa zinkin ɗakunana da hannuna ne suke fita ɗaya bayan ɗaya. Matata ta zabura ta ce katifu da kayan yara.

Goggo ta ce, "Zamna, ɗiyata. Zinki in ya tashi wuƙa ne. Katifa ta jiƙe ta bushe."

Ko ido ba ta buɗe ba. Matata ta koma ta zauna, ta kama hannuna.

Da aka jima hasken waya ya faɗa a kan igiyar, na ga inda take zamewa daga hannun Goggo ya yi duhu, ya jiƙe. Na ce ta ba ni in riƙe.

Ta ce, "Hannunka na da ƙarfi. Kunne ne ba ka da shi."

Na ce jini take yi. Ta ci gaba da saki da ja har bugu biyu suka wuce. Sannan ta ce in sauko in zauna a bayanta, in kama igiyar a bayan hannuwanta, amma kar in yi komai sai ta faɗa. Ta ce wa ɗanta ya baje sosai, yau ranar tumbinsa ce. Ya ce ai dama ya san akwai dalilin da ya sa Allah ya ba shi.

Haka muka ci gaba. Ta ce saki, in saki. Ta ce ja, in ja. Da farko ina makara, gadon ya yi tsalle, taubashina ya ambaci sunan Allah. A hankali na fara jin abin da take ji. Kafin kowane bugu akwai wani ɗan shiru, sannan ciyawar gabas ta yi wani sauti kamar an ja numfashi ta haƙori. Sau ɗaya na saki kafin ta yi magana. Sai na ji ta sassauta yatsunta ta bar mini nauyin.

Wajen magariba iskar ta fara gajiya. Ruwa ya biyo baya, manyan ɗigo masu laka, sannan ruwan gaske. Muna jin sa yana sauka a kan ciyawa yana gangarewa waje. A cikin ɗaki wuri ɗaya ne kawai ya yi yoyo, ta yamma, inda iska ta yaye jinkar kamar faɗin tabarma. Goggo ta buɗe ido ta ce a haska mata sama. Ta bi tanka da kallo, da idon nan nata mai rauni, ta daɗe. Ɗauri uku sun faɗo sun farfashe a ƙasa. Sauran suna nan.

Ta ce kowa ya tsaya inda yake kar a taka. Ta sa matata ta kawo ƙaramar tsintsiya ta share ƙwayoyin cikin ƙwarya, har waɗanda suka shiga tsagar daɓe. Sai da aka gama wannan ta yarda aka duba hannunta. Fatar tafukan duka biyu ta saluɓe. Matata ta wanke su da ruwan gishiri tana hawaye, ta shafa man riɗi ta naɗe da tsumma mai tsabta. Goggo ta ce a sauko mata da mayafinta in an samu hali, ba ta saba zama haka gaban maza ba.

Da safe na sami zinkina a gonar maƙwabci, a naɗe kamar takarda. A garin rufi da yawa sun tafi, na zinki da na ciyawa. Jakina kuwa sai bayan kwana biyu aka gan shi a bakin kogi yana kiwo hankali kwance. Goggo ba ta gaya wa kowa inda igiyarta ta yi bazara ba. Taubashina ne ya ɗauki wannan aikin, ya yi shi da kyau, har fasinjojin Sinnar sun san labarin.

Ita abu ɗaya ta ce. Kwana uku bayan haka ta aike ni in yanko kaba, in jiƙa. Ta zaunar da ni a rumfa ta ce in tufka sabuwa, tunda nata hannun ba ya yi. Ban taɓa tufka igiya mai kauri haka ba. Duk inda na yi sako-sako sai ta taɓa wurin da yatsan ƙafa, in warware in sake. Kwana huɗu na yi. Yanzu da nake koyon rubutu da girmana, idan malaminmu ya sa yatsa a kan layi ya ce in sake, ba na jin haushi. An riga an koya mini a rumfar nan.

Ruwan shuka ya sauka a kan lokaci. A gidanmu Goggo ce ke zuba ƙwayar farko ta kaura, tun rasuwar kakata ba wanda ya taɓa riga ta. Na ɗora ta a karo muka tafi gona, ƙwaryar iri a kan cinyarta. Na sara rami na farko na tsaya. Ta sa hannu cikin ƙwaryar, yatsun suka ƙi haɗuwa cikin tsumma. Ta gwada sau biyu, ƙwayoyin suna zubewa. Sai ta turo mini ƙwaryar da gwiwar hannu.

"Kai zuba. Huɗu, kar ka ƙara. Ka yi bisimilla da ƙarfi in jiya."

Na zuba huɗu, na rufe da diddige.

Bayan mako guda ta ce in mai da ita. Gonar ta yi layi-layi da kore, kowane tsiro bai fi tsawon yatsa ba. Ta sauko daga karo da kanta, ta tsuguna a bakin kunyar farko. Tafin hannunta bai warke ba, sai ta juya hannun ta shafa ganyen da bayansa, a hankali, daga wannan tsiro zuwa wancan. Ta daɗe a haka. Jakin yana gefe yana cin ciyawa, da sabuwar igiyar roba shuɗiya a wuyansa.

Ta ce, "Sun fito."

Na ce, "Sun fito, Goggo."

Ta miƙo mini gwiwar hannu in tashe ta. Ta ce bana idan kaka ta yi ba ita kaɗai za ta shiga zaɓen zangarniya ba, in nemi 'yar wuƙa in wasa ta.